Ku Tambayi Anti: "'Yata ta ce 1 ga Oktoba ranar barci ce"

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Dan Allah shawara nake nema akan wata magana da ta tsaya mun a rai. Ni 'yar Zariya ce aure ya kawo ni Legas, shekarata 14 kenan a Idi-Araba, yarana uku duk anan aka haife su. Yayana yana Amurka da iyalinsa, duk ranar 4 ga watan Yuli sai ya turo mana bidiyo ta WhatsApp, gasu nan a bayan gida suna gasa nama yara riƙe da tuta, dare nayi kuma a dinga harba wasan wuta sama, wai ranar 'yancin ƙasar ce. Har hotunan kowace shekara suke tarawa tun yaran suna goye. To rannan babbar 'yata mai shekara 11 take ce mun Umma mu yaushe ne namu, nace 1 ga Oktoba mana, sai tace ai wannan ranar barci ce. Wallahi Anti sai da naji wani iri. Nayi wa Abbansu magana ko bana zamu ɗan fita da su, yace wane 'yanci ana fama da kuɗin haya da kuɗin makaranta, shinkafa ta gagari talaka, in bar shi yaji da abinda ke damunsa. Abinda yafi ci mun rai kuma, mai bi mata ya dawo daga makaranta yana kuka wai wani yaro yace masa aboki ku koma garinku, shine yake tambayata wai Umma mu baƙi ne? Na rasa me zan ce masa. Anti ke da aka haifa a garin nan, da can ya kuke yin wannan rana, kuma ni me zan yi wa yaran nan ba tare da na saɓa wa mijina ba?

Daga wata uwa, Idi-Araba.

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raya mana zuri'a ya shirya su. Sau uku na karanta saƙonki, kuma ba bidiyon Amurka ne ya tsayar da ni ba, tambayar yaron nan ce. Zan zo kanta, amma bari in fara baki labarin gidanmu tunda shi kika tambaya, kuma ina ganin amsar yaron tana cikinsa.

Kakana fatauci ne ya kawo shi Agege, goro yake saye a Kurmi yana lodawa a jirgin ƙasa zuwa Kano, daga baya ya ɗauko iyali ya zauna kusa da tasha. Anan aka haifi Babanmu. A 1960 Baba yana da shekara 11, kuma labarin daren nan mun ji shi a bakinsa ya fi a ƙirga, har mun haddace inda zai tsaya ya gyara hula. Ranar Juma'a ce 30 ga Satumba, bayan la'asar Malam, haka muke kiran kakan namu, yace masa saka takalminka, suka hau jirgi daga Agege zuwa Iddo, suka taka a ƙafa ta kan gadar Carter suka shiga cikin Ikko har filin sukuwa, wanda a lokacin Race Course ake ce masa. Baba yace bai taɓa ganin taron mutane irin na ranar ba, shi dai bayan rigunan mutane ya fi gani, sai da sha biyun dare ta kusa Malam ya ɗaga shi ya ɗora a wuya. Yace aka rage fitilu wurin yayi duhu, ko tari baka ji, da haske ya dawo sai ga tutar Ingila babu ita, kore da fari da kore ce a saman sanda. Ihu ya tashi, aka shiga harba wasan wuta ta gefen ruwa. Abinda Baba baya mantawa shine yaji kafaɗar Malam tana rawa a ƙarƙashinsa, ya leƙo fuskarsa yaga hawaye, mutumin da ko a rasuwar ɗan'uwansa ba'a ga hawayensa ba. Wani Bayarabe da ke tsaye kusa dasu, basu san shi ba bai san su ba, ya rungume Malam yana ta magana da Yarbanci, Malam ya laluba aljihu ya ciro farin goro ya bashi.

A makarantarsu Baba an raba wa yara 'yar tuta da kofi ɗaiɗai, aka dafa musu shinkafa da nama. Tutar ta daɗe da ɓata amma kofin yana nan har yau. Innarmu ta ajiye shi a can saman kabet bayan kwanukan jerenta, zanen jikinsa duk ya koɗe sai ɗan kore-kore, bakinsa ya ɗan ɓantare ta gefe ɗaya. Ba mai taɓa shi duk shekara. Ranar 1 ga Oktoba da asuba Inna zata sauko dashi ta wanke ta zuba wa Baba koko a ciki, ya sha rabi ya miƙo mana mu kurɓa ɗaya bayan ɗaya daga babba zuwa ƙarami, sannan ya fara, "ranar Juma'a ce bayan la'asar..." Kinga duk bikin gidanmu daga nan yake farawa, kofi ɗaya da kokon da ko ba biki dama za'a dama.

Ni tawa ta farko da nake iya tunawa sosai ita ce 1979, ina shekara 8. Ranar ce Janar Obasanjo ya miƙa wa Alhaji Shehu Shagari mulki, a wannan filin dai, amma lokacin an riga an gine shi an sa masa sunan Tafawa Ɓalewa. Gidan haya muke mai ɗakuna a jere, kuma duk gidan talabijin ɗaya ce, baƙi da fari mai ƙofar katako, ta wani maƙwabcinmu mutumin Ijebu. Ya fito da ita tsakar gida ya ɗora a kan tebur, maza a benci mata a tabarma mu yara a ƙasa, ana cikin kallo aka ɗauke wuta, sai Baba ya ruga ɗaki ya ɗauko rediyonsa mai batir aka ƙarasa ji a nan. Matar maƙwabcin nan ta soya fanke cike da roba, Inna tayi waina da miyar taushe, aka haɗa aka ci tare, ba wanda yace wannan na wane ne.

Sai shekarun maci. Kai, maci! Sati uku kafin ranar an daina karatun kirki, ana tashi daga aji sai fili, lef-rai lef-rai har ƙafa tayi ciwo, kuma ba kowa ake ɗauka ba, in hannunki da ƙafarki basa tafiya daidai sai a cire ki, ranar kuwa akwai kuka. Daren 30 ga wata Inna bata barci da wuri. Zata dama sitacin rogo ta tsoma yunifom ɗinmu, ya bushe ya ƙame kamar kwali, sannan ta zuba garwashi a dutsen guga tana hurawa tana gogewa a hankali don kar toka ta zubo ta ɓata farar riga. Mu kuma muna bakin rijiya muna goga wa kambas alli. Har yau in naji ƙamshin sitaci da zafin guga, Oktoba nake tunawa. Da safe a jera mu a rana tun ƙarfe bakwai, wasu su faɗi don jiri a basu gulukos, in an zo wucewa gaban manyan baƙi a juya kai dama gaba ɗaya, ni kuma idona yana cikin taro ina neman hular Baba. Kullum yana nan. Rumfarsa ta goro bata rufuwa ko ranar Lahadi, amma ranar nan a rufe take.

In an tashi, shekarar da kasuwa tayi kyau, sai ya kwashe mu a moluwe zuwa Bar Beach, ana matse kamar kifin gwangwani kwandasta na rataye a ƙofa yana kiran Obalende. Mu hau doki a bakin ruwa, a siya mana rake da gyaɗa, Inna kuwa tana can nesa a zaune riƙe da takalmanmu tana ta addu'a don ita bata yarda da teku ba ko kaɗan. Yau wurin an cike shi da yashi an gina Eko Atlantic a kai, yarana basu san shi ba sai a bakina.

Daga baya abin ya dinga raguwa, kuma da dalili. A watan Disamba 1991 aka mayar da babban birni Abuja, babban fareti ya bi gwamnati can, Legas ta koma sai na jiha da na makarantu. Jawabin shugaban ƙasa na safe shine ya rage muna taruwa a kai. Na tuna na 1996 da Janar Abacha ya sanar da sabbin jihohi 6, Zamfara da Gombe da Nasarawa da Ekiti da Ebonyi da Bayelsa, suka cika 36, wani dattijo mutumin Gusau a layinmu ya fito ba ko takalmi yana rabon alewa. Sai 2010, ranar cika shekara 50, muna zaune gaban talabijin mun yi kwalliya aka ce bam ya tashi kusa da Eagle Square a Abuja an rasa rayuka. Ranar Baba bai ƙarasa cin abincinsa ba. Shekarun da suka biyo baya ma bikin sai ya koma cikin fadar shugaban ƙasa, yara basa ganin komai, to me zai hana 'yarki tace ranar barci ce? Gaskiyarta, abinda ta gani ta faɗa.

Maigidanki ma gaskiyarsa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu 2023 kowa yasan yadda kuɗin mota da na cefane suka koma, mutumin da yake kwana yana lissafin haya ba zaki ce masa ya fito yayi murna da tuta ba. Kar ki ja dashi akan ko ƙasa ta gyaru ko bata gyaru ba, ba zaki ci wannan gardamar ba, kuma ba ita ce maganar ba. Ki samu lokacin da ya ci ya huta kice masa Abban yara, yaron nan fa tambayata yayi ko mu baƙi ne, ina so mu kai shi ya gani da idonsa. Ba uban da zai ji wannan ya share. Ni ban ce ki kashe kuɗi ba, Baba ma shekarun da kasuwa ta mutu, lokacin tsuke bakin aljihu na wajen 1986 zuwa sama, ba Bar Beach ba nama, amma kofin nan bai taɓa fashin saukowa ba.

Yanzu ga maganar yaron. Daga Idi-Araba ku fito Ojuelegba ku hau danfo mai zuwa CMS ko Obalende, ku sauka ku taka zuwa TBS, wato tsohon filin sukuwan nan da na baki labari, ranar hutu ce hanya ba go-sulo sosai. Ku tsaya a bakin ƙofar nan mai manyan fararen dawakai da jajayen mikiya a sama, kice masa ya karanta sunan wurin da kansa. Sannan ki gaya masa waye mai sunan. Abubakar Tafawa Ɓalewa, mutumin Bauchi, malamin makaranta, shine firaminista na farko, kuma a wannan filin ya karɓi takardun 'yancin Najeriya a madadin kowa da kowa, Bayarabe da Ibo da Bahaushe da duk sauran. In kin samu tsohuwar naira 5 ki riƙe masa ya ga fuskarsa. Ki gaya masa har ƙarshen labarin don yaro ɗan wannan shekarun yana iya ɗauka, cewa sojoji sun kashe shi a juyin mulkin Janairu 1966, aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Legas zuwa Abeokuta, aka kai shi Bauchi aka binne. Baba yace satin nan Agege ko kasuwa bata ci ba.

In da hali wata ranar ki kai su gidan tarihi na Onikan, nan kusa ne da TBS, motar da aka harbe Janar Murtala a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976 tana nan da hujojin harsashi a jikinta. Mutumin Kano ne, kuma sunansa ne a filin jirgin sama na Ikeja. A Victoria Island akwai titin Ahmadu Bello, akwai titin Musa 'Yar'aduwa wanda shine ministan harkokin Legas a jamhuriya ta farko, mahaifin marigayi shugaba Umaru kenan. A Ikoyi ga titin Ribadu. Yaron da ya ga waɗannan da idonsa, in aka sake ce masa ya koma garinsu ba zai yi kuka ba, zai san abin faɗa. Kundin tsarin mulki na 1999 ma sashe na 41 ya ba kowane ɗan Najeriya damar ya zauna duk inda yaso a faɗin ƙasar nan.

Amma dan Allah ki haɗa masa da ɗaya gefen, kar ya tashi da ɗagawa ko ƙullaci. Ƙasar Yarbawa ce muke zaune a kai, sun karɓi kakanninmu sun basu wurin zama da wurin kasuwa da wurin sallah, mun yi auratayya, da yawanmu Yarbanci a bakinmu kamar Hausa. Tutar ma da zai riƙe, wani ɗalibi Bayarabe ne mai suna Taiwo Akinkunmi ya zana ta yana karatu a Landan, aka bashi fam 100, har da jar rana a tsakiyar zanensa alƙalan gasar suka cire ta, ya rasu a 2023. Ki bashi labarin mutumin da ya rungume kakana, na baki shi kyauta ki riƙa faɗa. Yaron da ya zage shi kuwa yaro ne, abinda yaji a wani wuri ya maimaita, ki je ki samu malaminsu cikin mutunci kiyi masa bayani.

Su yayanki da kike gani, 4 ga Yulin nan tun 1776 take, ranar da wakilan yankuna 13 suka amince da takardar ɓallewa daga mulkin Ingila a Philadelphia, kuma ta faɗo musu a tsakiyar zafi lokacin da yara ke dogon hutu, shi yasa kike ganin kowa a waje. Tamu tana zuwa ƙarshen damina an koma makaranta aljihu ya sha kuɗin zango, dole tafi tasu sanyi. Ba sai kin kwaikwayi gashin namansu ba. Abinda zaki ɗauka a wurinsu shine hoton nan na kowace shekara, wuri ɗaya, tsayuwa ɗaya. Kiyi dafa-duka ko da ba nama, ki siyo musu 'yar tutar roba a hannun masu talla a titi, ki ɗauke su hoto a ƙofar TBS, baɗi ma ku koma wurin.

Sannan ki kira gida Zariya. In akwai tsoho ko tsohuwa da ya ga 1960, ki sa shi a sifika yaran su tambaye shi da bakinsu, ke kuma ki danna rikodin. Wannan da zafi nake faɗa miki. Innarmu ta rasu ban taɓa ɗaukar muryarta tana bada nata labarin ba, kullum na Baba muke ji, ita da take ƙauye a lokacin ban san ya ranar ta same ta ba, kuma yanzu ba wanda zan tambaya. Na Baba kam na ɗauka. A 2024 da aka dawo da tsohon taken ƙasa, wanda aka yi amfani dashi daga 1960 zuwa 1978, jikokinsa suka dawo daga makaranta suna ta fama da haddar baitocin suna tuntuɓe, Baba yana kwance a kujera ido ya riga ya yi rauni, sai kawai muka ji ya ɗauka daga farko har ƙarshe ba gargada, yana shekara 75. Yaran suka yi tsit suna kallonsa. Ƙaramar tace Kaka a ina ka koya, yace ɗauko mun kofina in gaya miki.

Ki rubuto mun bayan Oktoba in ji me yaron yace.

TAMBAYA

Anti barka da aiki. Musu muke da abokaina a kasuwar Mile 12, kakana yace da idonsa ya ga Sarauniyar Ingila lokacin da tazo bada mulkin kai, su kuma sunce bata zo ba. Waye mai gaskiya? Bana son ace tsoho yayi ƙarya.

Daga wani ɗanki mai sayar da tumatir, Mile 12.

AMSA

Ɗana Allah yayi albarka, kuma Allah ya ƙara wa Kaka lafiya. Tsoho bai yi ƙarya ba, tafiya biyu ce ta haɗe masa. Sarauniya Elizabeth tazo Najeriya a farkon 1956, ta sauka Legas ta zaga har Arewa, aka yi mata gagarumin hawan daba a Kaduna, ta je Kano ma, to in a can ya ganta lallai ita ya gani. Amma a 1960 bata zo da kanta ba, 'yar'uwarta Gimbiya Alexandra ta turo ta wakilce ta, ita ce ta miƙa wa Tafawa Ɓalewa takardun a filin sukuwa ranar Asabar 1 ga Oktoba. Sarauniyar bata sake takowa ƙasar nan ba sai Disamba 2003 da aka yi taron ƙasashen rainon Ingila a Abuja. Abokanka sun ci rabin musun kenan. In ka je gida ka zauna kusa dashi ka tambaye shi a wane gari ya ganta, a kan doki yake ko a ƙasa, waye ya kai shi, shekararsa nawa, daga amsar zaka gane wace shekarar ce. Ka kunna rikodin ɗin wayarka kafin ka fara tambayar, kuma ka riƙe masa goro.